Zaren Awo

A wata unguwa ta cikin garin Birnin Gwari akwai wani gida mai zaure ɗaya, wanda rassan zogale suka leƙo ta bisa katangarsa. Uwargidan tsohuwar malamar firamare ce. Ta kama aiki a 1978, watau shekara biyu bayan an fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, ta kuma ajiye alli a 2013. Saboda haka har yanzu ba a kiranta da wani suna sai Malama, in ban da jikokinta da suke ce mata Iya. Kusan rabin magidantan unguwar ta hannunta suka bi, amma in aka tambayi yaran yau ko wace ce ita, ba za su ambaci allo ko alli ba. Cewa za su yi, ai ita ce tsohuwar nan mai saƙa.

Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa Malama ba sana'a ta ɗauki saƙa ba. Ba ta taɓa aika talla da hula ko safa ba, ba ta kuma taɓa yanka wa kowa farashi ba. In mace ta zo da kuɗi tana son a saƙa wa jaririnta kayan sanyi, sai ta ce mata ta je ta sayo ulu kurum, sa'an nan ta yi haƙuri, domin ba a yi mata gaggawa. Takan ce, ranar da ta karɓi kwabon wani, ranar ta zama baiwar mai kwabo. Wannan hali ya jawo mata suna iri biyu a unguwa. Wasu suna yaba kyautarta, wasu kuwa suna cewa girman kai ne irin na tsofaffin ma'aikata masu jiran fansho. Ga alama kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa.

Kalmar saƙa tana da faɗi a Hausa. Masaƙin da ke zaune a bakin masaƙarsa yana jefa ƙoshiya saƙa yake yi, mai tabarma saƙa yake yi, gizo-gizo ma saƙa yake yi. Har zuciya an ba ta rabonta, shi ya sa akan ce mutum ya kwana yana saƙa da warwara, ko kuwa a ce wane yana yi wa wane saƙa da mugun zare. Amma irin saƙar da Malama take yi baƙuwa ce a ƙasar Hausa, makarantun boko ne suka yaɗa ta, kuma sunayen kayanta su ne shaida: ulu da suwaita da ƙwarashi duka daga Turanci aka aro su. Ita kanta a kwalejin horon malamai mata ta koya, a Zariya, a darasin aikin hannu, wajen wata malama mutuniyar Indiya wadda ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri, amma in ɗaliba ta kuskure ido ɗaya a saƙa, daga nesa take hango shi.

Sai dai hannun Malama bai je wa zare a baƙo ba. Mahaifiyarta gwanar kaɗi ce a Tsohuwar Birnin Gwari. Ita take gurje audugarta, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, ta fitar da zare siriri na saƙar zane da kuma abawa mai kauri. Wannan sana'a ta mutu a gaban idon Malama. Da fari masaƙun zamani ne suka danne ta, tun daga lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, daga baya su ma masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, aka bar wa gwanjo da yadin ƙasar Sin fili. Abin da ya rage daga wancan zamani a gidan Malama shi ne lefen uwarta, watau ɗan kwandon kaba da mata ke ajiye auduga da mazari a ciki, wanda daga sunansa ne aka sami lefen aure. A cikinsa take ajiye ƙwarashinta guda uku, da tsinkayen saƙa dogaye waɗanda wasu mata ke kira kibiya, da almakashi, da wani ɗan gwangwani mai murfi da za a zo ga zancensa nan gaba.

Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu mafi yawansa bai taɓa ganin bayan tunkiya ba, zaren roba ne na kamfani. Malama tana da hanyar rarrabewa. Takan tsinki ɗan guntu ta kai bakin wuta: in ya yi ƙaurin gashi ya murmushe ya zama toka, to na tunkiya ne, in kuwa ya narke ya dunƙule ya yi tauri, na roba ne. Ba don ƙwalisa take wannan gwaji ba. Yaran hunturu masu son jin ɗumi ne a bakin murhu, zaren roba kuwa in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne wa fata. Don haka duk uwar da ta karɓi riga daga hannunta, sai ta haɗa mata da gargaɗi. In ta sami hali kuma, takan aika a sayo mata tsofaffin suwaitocin gwanjo daga Kasuwar Barci ta Kaduna don ta warware su. A nan ma akwai ilmi. Sai an juya rigar an duba haɗin gefenta: wadda aka saƙa kowane ɓangare daban sa'an nan aka haɗa, ita ce ke ba da zare mai tsawo, wadda aka yanka da almakashi aka bi bakin da keke, guntaye kawai za ta bayar. Zaren da aka warware yakan fito a nannaɗe kamar gashin rago, sai ta naɗe shi a bayan kujera, ta tsoma a ruwan ɗumi, ta rataye a inuwa da ɗan dutse a ƙasansa har ya miƙe.

Shekarar Malama kashi biyu ce, kuma ba kalandar bango ce ta raba ta ba. Daga faɗuwar ruwan farko zuwa kaka lokacin lambu ne; daga kaka zuwa ƙarshen hunturu lokacin zare ne. Lambun ba wani babban abu ba ne, fili ne a bayan ɗakin girki wanda bai fi taki talatin ba a tsawo, an kewaye shi da darni saboda awakin maƙwabta, waɗanda Malama ke ɗauka a matsayin abokan gaba na gado. Da ruwa ya zauna sai ta shuka kuɓewa da rama da yakuwa da alayyafo, ta dasa barkono da gauta, ta bar kabewa ta hau rufin ɗakin girki. Zogalen da ke jikin katanga reshe ta kakkafa, ba iri ta shuka ba. Takinta kashin tumaki ne da tokar murhu, maganin ƙwarinta kuwa ruwan ganyen darbejiya da aka jiƙa ya kwana. Kuɓewa ita ce 'yar lelenta. Wajen wata biyu da shuka take fara 'ya'ya, daga nan kuwa ba ta ba mutum hutu, domin in aka yi kwana uku ba a tsinka ba sai ta ƙosa ta zama itace. Abin da ya fi ƙarfin tukunya sai a yanyanka a shanya, a daka, a ajiye don miyar rani.

To, tsakanin waɗannan kashi biyu na shekara akwai wata gada, ita ce dogon hutun makaranta, wanda ke faɗowa a tsakiyar marka. Ɗan farin Malama, wanda ba ta faɗin sunansa saboda alkunya sai dai ta ce "wancan na Kaduna", yana aiki a can da iyalinsa. 'Yarta kuma tana aure a Zariya. Shekara da shekaru, da an ba da hutu a ƙarshen Yuli sai a ɗoro mata jikoki a mota, su yi wajen mako biyar ko shida. Tafiyar daga Kaduna ba ta wuce kimanin kilomita 120 ba, ta Buruku da Kuriga da Udawa. Wanda ya karya kumallo a Kaduna zai iya riskar azahar a Birnin Gwari da sauran lokaci a hannunsa.

A waɗannan makonni gidan yakan canza kama. Malam maigida, wanda ya saba da shiru, sai ya ƙaura zaure da rediyonsa. Da safe a raba aiki: wannan ya tsinko kuɓewa yana kukan ƙaiƙayi, waccan ta tsige rama, ƙaramin cikinsu a ba shi sanda ya tsare ƙofar darni. Da rana a ci fate ko dambun zogale, da la'asar a gasa sabuwar masara. Ran da gari ya yi sarari Malam yakan kwashe manyan zuwa gonarsa da ke bakin daji, su dawo da ƙafafu jawur da laka, da aljihu cike da 'ya'yan itatuwan da ba su san sunansu ba. Da dare kuma, in ruwa ya tsuge a kan kwano, a taru a ɗakin Iya a sha tatsuniya. Wasan jika da kaka kuwa ba ya yankewa. Babbar jikarta mace kishiya take kiranta, namijin kuma maigida.

"Maigida, yau ma ba ka ba da cefane ba?"

"Iya, ai na sake ki tun jiya, kin tsufa."

"To, bari in ga wadda za ta saƙa maka riga bana."

A daren da za su koma ne ake buɗe ɗan gwangwanin nan na cikin lefe. A cikinsa akwai zare guda-guda, kowane jika da launinsa: kishiya ja, maigida shuɗi, 'yan Zariya kore da ruwan ɗorawa. Malama ba ta aiki da tef irin na tela, ko da yake ta koyar da lissafin awo shekara talatin da biyar. Sai ta tsai da yaro a gabanta, ta ja zaren daga kafaɗa zuwa wuyan hannu ta ƙulla, ta zagaya ƙirji ta ƙulla, ta sauke daga wuya zuwa ƙugu ta ƙulla, sa'an nan ta ƙara yatsa uku saboda girman da zai yi kafin sanyi. Ƙullin bara ba ta kwance shi. Saboda haka wanda ya iya karanta zaren zai ga girman yaron shekara bayan shekara, kamar yadda ake karanta shekarun itace a jikin kututturensa. Da sun tafi sai ta fara. Takan jera 'yan zarge-zargen nan a kan tsinke, waɗanda take kira idanu, ta ɗauki gindin riga da biyu ciki biyu waje don ya kama jiki, ta ci gaba tana ƙirga a zuci. Rigar yaro ɗan shekara biyar takan ci dunƙule biyar ko shida na ƙananan da ake sayarwa, da kuma kusan mako uku na zaman la'asar. Kafin iskar hunturu ta kankama a watan Disamba, ƙunshi ya isa hannun direba.

Mai karatu zai iya cewa, mene ne abin rubutawa a nan? Tsohuwa ce da zarenta da kuɓewarta. Amsar ita ce, duk wannan tsari a kan abu ɗaya ya rataya, watau hanya, ita kuwa hanya ta cikin daji ta ratsa.

Dajin Birnin Gwari ba ƙaramin daji ba ne. Sashensa da aka fi sani shi ne Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka kuma ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100. Ta arewa maso yamma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, ta kudu kuma ƙasar ta yi iyaka da Jihar Neja. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, wanda aka san shi da giwa da gwanki da gadu. A ƙuruciyar Malama daji wurin samu ne: daga can ake kawo zuma da man kaɗe da kalwa da itacen girki, kuma abin tsoro a cikinsa bai wuce maciji da ɓatan kai ba. Ƙasar tana da albarkar noma, ga kuma zinariya da ake haƙa tun zamanin Turawa. Amma faɗin nan nasa da duhuwarsa, da yadda ya haɗa jihohi, su ne suka sa ya zama maɓoya. Abin ya faro da satar shanu da fashin hanya, ya rikiɗe ya zama satar mutane don kuɗin fansa da ƙone ƙauyuka.

Hutun 2017 shi ne na ƙarshe da aka kawo mata yara. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a yankin Doka, a watan Mayu kuma aka afka wa ƙauyen Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. Hanyar Kaduna ta zama sai an taru an jira rakiyar jami'an tsaro, kuma ko da rakiyar ba a tsira kullum ba. Da Yuli ya zo, na Kaduna ya bugo waya yana ta kewaye-kewaye. Malama ce ta sauƙaƙe masa. Ta ce, "Kada ka kuskura ka ɗoro mini su. Na yafe." Da ta ajiye wayar sai ta shiga lambu ta yi ta cirar ciyawar da ba ta kai a cire ba, har magariba.

Sau ɗaya ta bi hanyar a waɗannan shekaru, a 2019, lokacin da aka haifa wa na Kaduna auta. Ta tafi da gwangwaninta a ƙulle a bakin zane, ta auna duk wanda ta samu a wurin suna, ta buɗe wa jaririn sabon zare fari. Bayan dawowarta da 'yan makonni aka ɗauke wani maƙwabcinsu a kan wannan hanya, sai da danginsa suka sayar da gona da shanun huɗa kafin ya dawo, ya dawo kuma ba shi da maganar kirki. Daga nan 'ya'yanta suka haɗa baki suka hana ta tafiya. Sun so ma su ɗauke su gaba ɗaya zuwa Kaduna, amma Malam ya ce shi ba zai mutu a gidan haya ba, ita kuwa ta ce ba ta ga wanda za ta bar wa zogalenta ba. Kowa ya san ba zogale ba ne zancen.

Saƙa dai ba ta tsaya ba, awo ne ya gagara. Ta koma yin awo ta waya. "Kishiyata ta kai ina a jikin uwarta? Kafaɗa ko kunne?" Surukarta ta yi ƙoƙari ta auna da tef ta faɗa mata inci-inci, amma Malama ba ta yarda da awon da ba hannunta ya yi ba, kuma a gaskiya tana da hujja, domin rigar farko da ta yi da awon waya hannunta ɗaya ya fi ƙarfin yaron, wuyan kuma ya ƙi shiga kansa. Sa'an nan a ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankunan da abin ya shafa, aka hana hawa babur, aka rufe wasu kasuwannin mako, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da abinci da mai. Sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umurnin maido da layukan. Watau daidai watannin da take ɗora idanu a kan tsinke, babu ko muryar da za ta tambaya. A shekarar nan da ka ta yi awo. Ta ɗauki zaren 2019 ta ƙara abin da take zaton shekara biyu za ta ƙara wa yaro, ta saƙa riguna biyar, ta ninke su ta sa a adaka da ƙwayar kafur, domin direban da ta saba ba saƙo ya daina bin hanyar.

A nan ne Malam ya yi maganar da ta jawo gaba ta kwana uku a gidan. Ya ce, "Malama, yaran da kike saƙa wa rigunan nan fa babu su. Sun girma sun bar su." Bai faɗi ƙarya ba, amma akwai gaskiyar da ba a faɗa wa mutum da tsinke a hannunsa. Shi ma kuwa yana da nasa ciwon. Gonarsa ta bakin daji ta koma saura, domin manoman wajen sai sun biya 'yan bindiga kafin su shuka, su kuma sake biya kafin su girbe, shi kuwa ya rantse ba zai sayi gonar ubansa sau biyu a shekara ba. Mutumin da ke cika rumbu biyu ya koma awo a kasuwa. Lambun da yake yi wa dariya da, yana kiransa gonar 'yar tsana, shi ya riƙe tukunyar miya. Har masara Malama ta shuka a cikin tsofaffin buhunan siminti ta jera a gindin katanga, Malam da kansa yake ba su taki, ko da yake bai taɓa yarda an gan shi ba.

Garin kuma ya cika da baƙi. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa da abin da kai zai iya ɗauka, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Wata mata daga wajen Randagi ta sauka a kangon da ke jikin gidan Malama da 'ya'ya huɗu. Da hunturu ya tsananta, tarin yaran yakan ketaro katanga da dare. Zai yi daɗi a ce Malama ta buɗe adaka nan take, amma ba haka aka yi ba. Ta aika musu da kuɓewa da garin masara, ta ba da tsohon bargo, rigunan kuwa ta hana, domin a ganinta kowace riga da mai ita, kuma bayar da ita kamar yanke ƙauna ne daga zuwansa. Sai da aka kwashe kusan mako biyu, ran da ta ga ƙaramin yaron a bakin murhu yana karkarwa cikin 'yar singileti, sa'an nan ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da shuɗiyar rigar maigida. Ta zauna masa cif kamar da shi aka auna. Wannan ya fi komai ɓata mata rai, domin ya nuna mata cewa rigar da ta saƙa wa ɗan shekara takwas ta ɗan shekara shida ce. Sauran huɗun ma a ranar suka fita. Ba ta manta da gargaɗin wuta ba.

Babbar 'yar matar nan, yarinya mai kimanin shekara goma sha biyu, ta riƙa zuwa tana tsugunawa nesa kaɗan tana kallon hannun Malama. Wata rana aka miƙa mata ƙwarashi da guntun zare ba tare da an ce komai ba. Cikin wata uku ta iya hular jariri, kafin shekara ta fara sayarwa a gidajen suna. Malama, wadda ba ta karɓar kwabo, ita ce ta yanka mata farashi, ta kuma koya mata kada ta ba da bashi.

A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga, garin da motar jikokinta ke ratsawa, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. Malama ta ji labarin a rediyon Malam, ta ce a kashe. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta san yadda ake jera yara a filin taro da safe. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara kuma Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi zaman sulhu da wasu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekaru a rufe. Mutanen gari sun rabu a kan abin. Wasu suka ce ko da me aka sayi barci ya yi araha. Wasu suka ce sulhun da bai bi ta kan haƙƙin waɗanda aka kashe ba, kuma bindigogi suna hannun masu su, ɗinki ne a kan ruɓaɓɓen zane. Da aka tambayi Malama nata ra'ayi, cewa ta yi ita ba ta yaba saƙa sai an wanke ta sau uku. Amma motoci sun fara bin hanya ba rakiya, Malam kuma ya je ya dubo gonarsa, ya dawo yana lissafin kwanakin da sassabe zai ci.

A watan Agusta na 2025 aka kawo yaran, ba na mako shida ba, na kwana tara, uban kuma da kansa ya rako su. Waɗanda suka sauko daga motar ba su ne na cikin gwangwani ba. Kishiya ta zama budurwa 'yar shekara goma sha huɗu, ta durƙusa ta yi gaisuwa irin ta baƙi, sa'an nan ta nemi inda za ta sa wayarta caji. Maigida ya yi tsawo, murya ta fara buɗewa, da aka tambaye shi cefane sai ya sunkuyar da kai, ya manta amsar. Auta kuwa, wanda bai taɓa ganin gidan ba, ya ƙi yarda kakarsa ta taɓa shi har kwana biyu, a rana ta uku ya shiga lambu don ya taimaka, ya tuge kuɓewar baya guda goma sha ɗaya yana zaton ciyawa ce. Malama ta tsaya a kansu ta daɗe. Da wani yaro ne na unguwa da ya ji a jikinsa. Sai ta kama hannunsa ta nuna masa bambancin ganyen, suka mayar da waɗanda za su mayu.

Ba a je gona ba, uban ya hana. Tatsuniya ma sau ɗaya aka yi, ta mutu a tsakiya domin manyan sun ce sun girma, ƙaramin kuma bai san abin da ake amsawa ba in an ce ga ta nan ga ta nanku. Amma a kwana na shida aka ga kishiya a gindin zogale tare da yarinyar nan ta Randagi, kai a haɗe, ɗaya tana koya wa ɗaya sarƙar farko ta ƙwarashi. Malama ta gani ta wuce kamar ba ta gani ba.

Daren komawa aka buɗe gwangwani. Kishiya ta ce, cikin ladabi, su a makarantarsu ba a sa irin wannan rigar yanzu, in da hali dai a yi mata baƙa wadda ba ado. Malama ta ce ba ta taɓa saƙa baƙar riga ba, ba kuwa za ta fara a kan kishiya ba. Daga baya aka shirya a kan ruwan toka. Da ta ja jan zaren daga kafaɗar yarinyar, sai ya ƙare tun bai kai wuyan hannu ba. Ta laluba lefe ba ta sami ja irinsa ba, sai wani ja mai duhu da ta warware daga gwanjo. Shi ta ƙulla a bakin tsohon, ta ci gaba da awo. Tsakanin ƙullin 2019 da na bana akwai tazarar da ta fi ɗani guda, babu ƙulli ko ɗaya a cikinta.

Da safe ba su tashi ba sai da rana ta ɗaga motoci suka yawaita a hanya. Aka cika bayan motar da kabewa da busasshiyar kuɓewa da ƙullin zogale. Malama ta koma gindin katanga ta zauna, lefe a gefe, waya a cinya, ba ta taɓa zare ba. Malam yana zaure, rediyo a kashe. Wajen azahar wayar ta yi ƙara, na Kaduna ya ce sun wuce Buruku. Ta ce, "To, madalla. A gai da mutan gidan." Sa'an nan ta jawo dunƙulen ruwan toka, ta miƙe jan zaren a kan gwiwarta, ta fara jera idanu tana ƙirgawa.